Makullin Tor a Hannun Wa? Nazari kan Sarrafa Manhajar Ɓoye Sawu daga Sabar Yanar Gizo da Buƙatar Hausawan Legas

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda masu rubuta manhaja ke haɗa shafukan yanar gizo da manhajar Tor a kan sabobin Linux da sauran dangin Unix. Hujjarta ita ce rubutun umarnin da ke karɓar saƙon jama'a, ko da PHP aka rubuta shi ko da Python, bai kamata ya riƙe ikon sarrafa Tor ba, domin wannan iko ba ya rabuwa: wanda ya samu kaɗan daga cikinsa ya samu duka. An ɗora bayanin a kan halin da Hausawan Isolo da Agege da makwabtansu ke ciki, saboda su ne irin mutanen da kuskuren mai haɗa saba zai fi cutarwa.

Gabatarwa

A ranar 1 ga Satumba 2022 gwamnatin Jihar Legas ta faɗaɗa haramcin acaɓa zuwa ƙananan hukumomin Oshodi-Isolo da Mushin da Kosofe da Shomolu, bayan guda 6 da aka fara da su a watan Yunin shekarar. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a 'yan Arewa ne, kuma duk inda aka yi irin wannan doka sai koke ya biyo baya, na gaskiya da na ƙarya: wanda aka karɓe wa babur, wanda ya ce an nemi na goro a hannunsa, wanda ya ga abin da ba ya iya faɗa a bainar jama'a. Hausawan Legas suna da tsohuwar hanyar kai kuka. A Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago akwai sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da na ƙungiyoyin sana'a, kuma wannan tsari ya kashe wutar rigingimu masu yawa. Sai dai tsari ne na ido da ido. Mai kuka sai ya bayyana, a san shi, a san ɗan gidan wane ne. Idan wanda ake kuka da shi ya fi ƙarfin mai unguwa, ko kuwa yana cikin masu sauraron kukan, to shiru ne kawai ya rage wa talaka.

Waya ba ta cike wannan giɓi ba. Tun Disamba 2020 aka wajabta haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma sashe na 38 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya umarci kamfanonin sadarwa su adana bayanan masu hulɗa da su na tsawon shekara 2. Shirin tona asirin ɓarayin dukiyar gwamnati da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ƙaddamar a Disamba 2016 ya yi alkawarin ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari, amma ya fito ne a matsayin tsarin gwamnati, ba dokar majalisa mai kare mai tonon ba. A 2018 kuwa wasu kafofin labarai, ciki har da Premium Times da Daily Trust da TheCable, suka haɗu suka buɗe Leaks.ng, akwatin karɓar bayanan sirri da aka gina a kan manhajar GlobaLeaks da Tor. Ba abin mamaki ba ne idan gobe wata ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta lauyoyi ta so irin wannan akwati da Hausa, ta kira wani matashi da ya koyi PHP a makarantar fasaha ta Isolo ko a shagunan Computer Village na Ikeja, ta ce ya haɗa mata. Wannan matashi nake so takardar nan ta isa gare shi kafin ya fara.

Ƙofofi biyu na Tor

Tunanin da Tor ya tsaya a kai ya fito ne daga cibiyar binciken sojan ruwan Amurka a tsakiyar shekarun 1990, a hannun Paul Syverson da Michael Reed da David Goldschlag. An saki manhajar a Satumba 2002 tare da Roger Dingledine da Nick Mathewson, aka kafa ƙungiyar Tor Project a 2006. Saƙo yana bi ta zango 3 daga cikin dubban kwamfutocin 'yan sa-kai, an rufe shi ninki uku, kowane zango ya kware ninki ɗaya. Zangon shiga ya san daga inda saƙon ya taso amma bai san inda ya nufa ba, zangon fita ya san inda ya nufa amma bai san mai shi ba.

A kan saba, Tor yana buɗe ƙofofi iri biyu, kuma rashin bambance su shi ne tushen matsalar. Ta farko ƙofar wucewar kaya ce, wadda aka saba ba ta lamba 9050: manhaja ta miƙa saƙonta, Tor ya kai, ya dawo da amsa. Ta biyu ƙofar sarrafawa ce, mai lamba 9051 bisa al'ada, kuma ba kaya ke bi ta cikinta ba, umarni ne. Yarenta rubutu ne mai sauƙi. A aika AUTHENTICATE da kalmar sirri, Tor ya amsa da 250 OK, daga nan sai abin da aka ga dama. Layi biyar na PHP sun isa a buɗe wannan ƙofa, kuma wannan sauƙin ne ke jan mutane. Mafi yawan masu buɗe ta abu ɗaya suke nema, wato SIGNAL NEWNYM, umarnin da ke sa Tor ya ɗauki sabuwar hanya don sababbin saƙonni. Amma ƙofar ba ta san cewa abin da suke nema ke nan ba. Da wannan shaidar guda, GETINFO address zai faɗi adireshin IP na sabar, GETINFO entry-guards ya lissafa zangunan shigar da Tor ke riƙewa na tsawon watanni, SETEVENTS ya sa a riƙa kallon kowace hanya da kowane adireshi da ake nema a lokacin da ake nemansa, SETCONF ya sauya saitin Tor yana cikin aiki, SAVECONF kuma ya rubuta sauyin a fayil ɗin saitin Tor, wato torrc, don ya zauna ko bayan an kashe an kunna. Babu matakin izini a cikin wannan tsari. Babu yadda za a ce wa Tor wannan baƙo ya sauya hanya amma kada ya taɓa saiti.

Sai mu dubi wanda ake miƙa wa wannan iko. A Debian da Ubuntu, Apache da nginx da PHP suna aiki a ƙarƙashin asusun www-data, Tor kuma a ƙarƙashin debian-tor. An raba su ne da gangan, don idan ɗaya ya faɗi kada ya ja ɗayan. Asusun www-data shi ne ya fi kowane asusu a sabar fuskantar hari, domin aikinsa shi ne karɓar abin da baƙo ya rubuta, da hoton da ya ɗora, da fayil ɗin da ya turo, dare da rana. Ɗan kasuwar da ke da sito a Mile 12 ba ya ba yaron da ke bakin ƙofa yana ciniki da kowa makullin ɗakin kuɗi, ko da ya yarda da yaron, saboda yaron ne aka fi samun damar yaudara. Amma abin da ake yi ke nan duk lokacin da aka saka www-data cikin rukunin debian-tor don ya iya karanta fayil ɗin shaidar shiga ƙofar sarrafawa, ko aka rubuta kalmar sirrin Tor a cikin fayil ɗin saitin PHP, ko, mafi muni, aka ba shi izinin sudo don ya riƙa kashe Tor yana kunnawa.

Abin da tarihi ya nuna

Wannan ba tsoron banza ba ne. A Agusta 2007 Tor ya saki sigar 0.1.2.16 don toshe wata ɓaraka da ta ba shafin yanar gizo damar tura umarni zuwa ƙofar sarrafawa ta hannun burauzar mutum, har ya sake rubuta masa torrc. Dabarar ita ce a lokacin Tor yana tsallake layukan da bai gane ba ya aiwatar da waɗanda ya gane. An gyara wannan, amma danginta na nan da rai a sabobi: duk rubutun da ke karɓar adireshi daga baƙo ya je ya ɗauko abin da ke can, ana iya juya shi ya ƙwanƙwasa ƙofofin cikin gida. A Satumba 2014 ɓarakar Shellshock a manhajar bash ta nuna yadda rubutun da ke kiran umarnin Unix daga shafin yanar gizo ke iya zama hanyar shiga ga kowa. A 2016 masu bincike, ciki har da Sarah Jamie Lewis da manhajarta OnionScan, sun nuna cewa shafukan onion da dama, wato waɗanda ake shiga ta Tor kaɗai, suna bayyana shafin rahoton cikin gida na Apache ga duniya, saboda Apache yana amincewa da duk abin da ya zo daga cikin injin, Tor kuma daga cikin injin yake miƙa saƙon baƙi. A Fabrairu 2017 aka fasa Freedom Hosting II, mai ɗauke da shafukan onion kimanin 10,000, waɗanda da yawansu na ɓarna ne kuma ba abin tausayi ba. Abin lura a duk waɗannan shi ne ba lissafin sirrin Tor aka karya ba. Ta gefen burauza da sabar yanar gizo da saitinsu aka shiga.

Mutanen da suka fi daɗewa a wannan fage sun ɗauki darasin. Tsarin Tails yana saka matata mai suna onion-grater tsakanin manhajoji da ƙofar sarrafawa, tana barin umarnin da aka lissafa kawai ya wuce. Whonix ya raba aikin gida biyu, Tor a inji ɗaya, manhajoji a wani, ta yadda ko an mamaye na biyun bai san adireshinsa na gaskiya ba balle ya faɗa. SecureDrop, wanda Aaron Swartz da Kevin Poulsen suka fara kuma mujallar The New Yorker ta soma amfani da shi a 2013, ya kai ga ajiye makullin buɗe saƙonni a kwamfutar da ba ta taɓa hawa intanet. Idan waɗanda suka ƙware suna gina katanga tsakanin manhaja da Tor, sabon shiga ba shi da dalilin rushe ta don ya huta da rubuta layi ashirin.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa kan NEWNYM kansa, domin an ɗora masa abin da ba ya iya ɗauka. Ba ya yanke hanyoyin da ake kan amfani da su, ba ya tabbatar da cewa zangon fita zai bambanta da na baya, kuma Tor yana jinkirta shi idan aka maimaita cikin daƙiƙa 10. A sabar da mutane da yawa ke amfani da ita lokaci guda, umarnin mutum ɗaya yana shafar kowa. Abin da mai rubutun ke so a zahiri, wato kada saƙon Audu ya bi hanya ɗaya da na Tanko, Tor yana bayar da shi ta ƙofar 9050 ba tare da an taɓa ta 9051 ba: idan kowane aiki ya gabatar da sunan shiga daban a wannan ƙofa ta 9050, wato ƙofar SOCKS, Tor zai ware masa hanyarsa, kuma haka saitin yake tun daga asali. Wanda ke son ya duba ko ana iya ganin wani shafi daga wajen Najeriya, irin buƙatar da ta taso lokacin da aka toshe Peoples Gazette a Janairu 2021 da Twitter daga 5 ga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022, wannan ya ishe shi. Abin da zai kula da shi kawai shi ne ya sa manhajar curl ta miƙa wa Tor sunan shafin ta hanyar socks5h, domin da socks5 zalla sabar ce za ta tambayi adireshin a fili, kamfanin intanet ya ga abin da ake nema.

Ga akwatin karɓar koke kuwa, hanya mafi aminci ita ce mafi tsufa. A rubuta shafin onion a torrc, makullinsa ya zauna a jakar da debian-tor kaɗai ke iya buɗewa, a haɗa shi da nginx ta soket na Unix maimakon lambar ƙofa. Umarnin ADD_ONION da ya shigo a 2015 yana ba da damar ƙirƙirar shafi nan take, amma yana miƙa wa mai kira makullin sirrin shafin, kuma shafin yana mutuwa da zarar an yanke haɗi sai dai in an ce ya zauna. Tunda rubutun PHP yana ƙarewa ne da ƙarewar kowace buƙata, mai amfani da wannan hanya zai ƙare da ajiye makullin a rumbun bayanan shafin, inda ɓarawo ya fi fara dubawa. Wanda ya saci wannan makulli zai iya buɗe akwatin bogi da adireshi iri ɗaya, mutane su ci gaba da zuba masa sirrinsu. Inda kuma dole shafin ya san halin da Tor ke ciki, sai a rubuta ƙaramar manhaja mai asusunta daban, ita ke riƙe da shaidar, ba ta karɓar komai daga shafin sai tambayoyi biyu ko uku da aka ƙayyade, amsarta kuma e ko a'a. A ƙara da dokar iptables da ke hana www-data fita intanet kai tsaye.

Amsa ga masu ja

Suka mafi ƙarfi ita ce ta wanda zai ce: idan har an fasa rubutun PHP, ai ɓarawo ya riga ya ga saƙonnin, me ya rage a kare? Akwai gaskiya a ciki, kuma dole a ƙara da cewa ko da an samu ƙofar sarrafawa, sabar onion ba ta ganin adireshin mai aiko da saƙo. Amma ɓarna hawa-hawa ce. Wanda ya tsaya a www-data yana ganin abin da ya shigo daga ranar da ya shiga, kuma idan ana kulle kowane saƙo da isowarsa da makullin da ba ya kan sabar, tsofaffin sun tsira. Ana gano shi, a share, a sake ɗorawa. Wanda ya kai ga ƙofar sarrafawa kuwa yana iya karkatar da shafin zuwa wani inji, ya tilasta wa Tor bin zangunan da shi ya zaɓa, ya kunna rajistar da ke rubuta abin da aka saba ɓoyewa, ya kuma adana duk wannan a torrc, wurin da mai gyaran shafi ba ya tunanin dubawa. Ƙungiyar za ta ɗauka ta warke alhali cutar na ciki.

Wani zai ce kalmar sirri mai ƙarfi ta wadatar. Abin da ke cikin torrc sakayayyen hoton kalmar ne, wannan gaskiya ne, amma ainihin kalmar dole ta zauna inda PHP zai karanta ta, kuma duk abin da PHP ke karantawa wanda ya mamaye PHP ma yana karantawa. Wani kuma zai kawo maganar kuɗi, ya ce ƙungiyar 'yan acaɓa ko ta mahauta a Oko-Oba ba ta da halin hayar saba biyu da dala. Wannan damuwa ce ta gaske ga duk wanda ya ga yadda naira ta faɗi tun Yuni 2023. Amma rabon asusu da izinin fayil da iptables duk suna cikin Linux kyauta, a saba ɗaya. Abin da suke ci shi ne yinin mai haɗawa. Kuma ƙungiyar da ba ta da wanda zai riƙa sabunta sabar duk wata, gara ta ɗauki GlobaLeaks yadda yake ko ta tura mutanenta ga akwatin da 'yan jarida ke kula da shi, da ta gina nata.

Sai sukar da aka fi ji a Legas, cewa Tor kayan 'yan damfara ne, kuma koyar da shi taimaka musu ne. Ba za a musa cewa miyagu na amfani da shi ba. Amma Facebook ya buɗe shafin onion a 2014, BBC ta buɗe nata a 2019, don masu karatu a ƙasashen da ake toshe labarai. Kuma abin da wannan takarda ke kira gare shi bai ƙara wa ɗan damfara komai ba. Shi ne ma ke son sauya adireshi sau ɗari a sa'a don ya tsallake shingen shafukan mutane. Mai akwatin koke ba ya buƙatar haka. Tsarin da ya rufe ƙofar sarrafawa ya fi amfanar mai gaskiya fiye da mai ɓarna.

Ya kamata kuma a san iyakar abin. Tor yana ɓoye inda mutum ya nufa, amma kamfanin layinsa yana iya ganin cewa ya hau Tor, sai in ya bi ta gada irin obfs4 ko Snowflake. A Disamba 2013 an gano wani ɗalibin Jami'ar Harvard da ya aika barazanar bam ta ƙarya ta Tor, saboda ya hau ne ta intanet ɗin makarantar, aka duba waɗanda suka hau a wannan lokaci. Mai aiko da koke daga intanet ɗin wurin aikinsa a rukunin masana'antun Isolo yana cikin irin wannan haɗari, haka wanda ya shiga shagon intanet, tunda sashe na 7 na dokar 2015 ya wajabta wa shagunan ajiye rajistar masu shiga. Hoton da aka ɗauka da waya yana iya ɗauke da wuri da lokaci a cikinsa. Inda aka kashe sadarwa gaba ɗaya, kamar Zamfara a Satumba 2021 ko intanet ɗin waya a Nijar bayan zaɓen Fabrairu 2021, Tor ba shi da abin yi. Waɗannan gargaɗi dole su fito a fuskar shafin da Hausa bayyananniya, da murya ma ga wanda boko bai zauna masa ba, domin mai sayar da tumatir a Mile 12 ba zai karanta takardar bayani da Turanci ba.

Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yuni 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane alhakin tsare su, kuma ƙungiyar unguwa ba ta fita daga ciki ba. Ina kira ga malaman kwamfuta a makarantun fasaha na Legas da na Arewa su saka rabon asusu da izinin fayil na Unix a gaban darasin PHP, ba a bayansa ba. Ga shugabannin ƙungiyoyin Hausawa kuma, duk wanda ya kawo muku akwatin koke ya ce na sirri ne, ku tambaye shi a gaban wani masani ko shafin yana iya ba Tor umarni. Idan ya ce e, kada ku bari mutum ko ɗaya ya aika saƙo ta cikinsa sai an gyara.